Maki da Mutunci: Matsayin Ɗaliba a Jami'o'inmu



Ranar da aka aiko mana da abin da a ke so mu yi magana a kansa, wani dattijo da mu ke ganin girmansa ya ba mu shawara mu roƙi a sauya mana wani. Ya ce magana ce mai nauyi a baka, ba a yin ta a bainar jama'a, balle a zauren da malami da ɗalibinsa ke zaune tare. Mun gode masa, amma ba mu bi shawarar ba, domin mun lura wannan nauyin baki shi ne babbar garkuwar masu aikata abin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Saboda haka muna neman gafarar manya tun da wuri, in an ji mun ambaci abin da ba a saba ambata ba.

Ga abin da mu ke nufi. Mutum ne zai sami iko a kan ɗaliba, ko na maki, ko na shigar da ita makaranta, ko na ba ta ɗakin kwana, ko na sa hannu a takardarta, sa'an nan ya mayar da wannan iko abin ciniki, ya nuna mata ba za ta sami haƙƙinta ba sai ta ba shi kanta. Yana iya faɗa da baki ƙuru-ƙuru, yana iya faɗa da ido, yana kuma iya yin shiru ya bar sakamakon jarrabawa ya yi masa magana. Wannan mugun hali yana da ƙanne: wasan banza da ba a nema ba, saƙon waya da tsakar dare, kai hannu a cikin cunkoso, da ihun da a ke yi in ɗaliba ta gitta. Duk gida ɗaya suka fito, kuma za mu taɓo su, amma a kan babban wan nasu za mu fi daɗewa.

Bari mu soma da abin da ya tabbata a gaban hukuma, don kada a ce jita-jita muka kawo. A watan Afrilu na 2018 wata murya da aka naɗa ta waya ta bazu a ƙasar nan. A cikinta an ji wani malamin Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, Farfesa Richard Akindele, yana ciniki da wata ɗalibarsa mai karatun babban digiri, yana yanka mata sau nawa za ta je masa kafin ya gyara mata maki. Ita ce ta naɗa da kanta. Jami'ar ta kafa kwamiti, ta kore shi a watan Yuni, hukumar ICPC ta gurfanar da shi, ya amsa laifinsa, Babbar Kotun Tarayya da ke Osogbo ta ɗaure shi shekara biyu a watan Disamba na wannan shekara. Muna so a lura da hukumar da ta shigar da ƙarar. ICPC hukuma ce da aka kafa a 2000 domin yaƙi da cin hanci. Watau a idon doka abin da ya yi toshiya ce ya nema a kan aikin da a ke biyansa albashi don ya yi, daidai da ma'aikacin da ya danne fayil ya ce sai an ba shi na goro. Abin da ya bambanta su kawai shi ne wannan bai nemi kuɗi ba, ya nemi abin da ya fi kuɗi tsada.

A watan Oktoba na 2019 kuma sashen bincike na BBC ya fitar da wani shiri da aka ɗauka a ɓoye a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana. 'Yan jarida mata ne suka shiga ofisoshin malamai da kyamara a jikinsu, ɗaya daga cikinsu ta je a matsayin yarinya 'yar shekara 17 mai neman gurbin karatu. Wadda ta gabatar da shirin, Kiki Mordi, ta faɗa da bakinta cewa irin wannan fitina ce ta raba ta da jami'a ba ta gama ba. Jami'ar Legas ta dakatar da malamai biyu nan take, ta rufe wani ɗaki a gidan shaƙatawar ma'aikata inda a ke kai ɗalibai, daga baya a 2021 ta kore su. Jami'ar Ghana ta dakatar da nata biyun na 'yan watanni ba albashi. Sai kuma Agusta na 2023, lokacin da ɗalibai mata masu koyon aikin lauya a Jami'ar Kalaba suka fito da kwalaye a hannu suna zanga-zanga a kan shugaban tsangayarsu. Jami'ar ta dakatar da shi, ICPC ta kai shi kotu, a watan Nuwamba na 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke masa ɗaurin shekara biyar.

To, Shugaba, mene ne ya haɗa waɗannan labaru uku? A Ife waya ce ta yi shaida. A Legas kyamara ce. A Kalaba kwalaye ne da idon duniya. Ba inda ɗaliba ta rubuta koke a takarda, ta miƙa a ofis, aka zauna aka yi mata adalci cikin sutura ba tare da ƙasa duka ta ji sunanta ba. Wannan shi ne abin da ya kamata ya hana mu barci. Ba kowace ɗaliba ce ke da ƙarfin zuciyar kunna waya a cikin jaka alhali ƙirjinta na bugawa ba, kuma masu wannan hali ai sun koyi darasi, sun daina faɗa ta waya. Ita ma ta Ife ɗin da ta yi nasara, daga baya ta shaida wa 'yan jarida irin zagi da tsangwamar da ta sha. Jami'ar da sai an tona mata asiri a duniya ta ke motsawa, ba ta da hanyar adalci, sai dai tsoron abin kunya.

Yanzu mu dubi yadda abin ke yiwuwa, domin a nan ne maganin ya ke. Ku ɗauki darasi guda na wajibi a kowane sashe. Mutum ɗaya ne ke koyar da shi. Shi ke tsara gwajin tsakiyar zango, mai ɗauke da maki 30 ko 40 cikin 100, wanda sau da yawa ba mai ganin takardunsa sai shi. Shi ke tsara jarrabawar ƙarshe, shi ke gyara ta, shi ke rubuta makin, shi ke miƙa shi ga sashe. Idan ɗaliba ta faɗi wannan darasi a shekarar ƙarshe, ta ƙara shekara guda cur: ga kuɗin makaranta, ga na ɗaki, ga na abinci, abokan karatunta sun tafi bautar ƙasa sun bar ta, ga tambayar da za a yi mata a gida wadda ba ta da bakin amsawa. Ba ma sai an kayar da ita ba. Ya isa a ce sakamakonta bai fito ba, ta zo ofis a duba. Ta zo, a ce ta dawo da yamma. Ta dawo da yamma, a ce takardun suna gida. Wanda ya yi wannan bai faɗi kalma guda da za a kama shi da ita ba, amma ta fahimta, shi ma ya san ta fahimta.

Mafi tsanani shi ne lokacin rubuta kundin kammala digiri. A nan an ɗaura ɗaliba da malami guda na tsawon watanni, ganawa daga ita sai shi, babi ba ya wucewa sai da sa hannunsa, kuma neman a sauya mata mai duba kundi kamar ta ɗaura yaƙi ne da sashe gaba ɗaya. Muna faɗa da babbar murya cewa akasarin malamanmu mutanen kirki ne, masu riƙe wannan iko da tsoron Allah, wasu ma daga aljihunsu su ke taimakon ɗalibai duk da ƙarancin albashi. Amma tsarin da ya dogara kacokan a kan kirkin mutum, ranar da ya faɗa hannun marar kirki ba shi da birki. Banki ba ya barin akawu ɗaya ya karɓi kuɗi, ya rubuta, ya kuma binciki kansa, ba don an ɗauka duk akawu ɓarawo ne ba. Me ya sa maki, wanda shi ne dukiyar jami'a kaɗai, a ke barinsa a hannun mutum guda?

Mun san amsar da a ke bayarwa da zarar an ta da wannan zance, domin mun ji ta a ɗakunan kwana da wurin mai shayi: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A ce dubi irin shigar da su ke yi, a ce su ne ke kai kansu. Mu yi wa wannan magana adalci. Lalle akwai ɗalibai, maza da mata, da ba sa karatu, masu neman maki ta bayan gida, wannan da kuɗi, waccan da wani abin. Ba mu musa ba. Amma daddawa ba ta da rai, ba ta kuka, ba ta cewa a'a, ɓera kuma ba a ɗauke shi aikin gadin rumbu ba. Malami an ɗauke shi, an ba shi amana, ana biyansa. Idan ɗaliba ta zo masa da tayin banza, yana da ƙofa, yana da shugaban sashe, yana da alƙalamin da zai rubuta rahoto, kuma ba abin da zai same shi. Idan shi ne ya zo mata da tayin, ita me ta ke da shi? Game da shiga kuwa, jami'o'inmu da yawa sun daɗe da kafa dokar sutura, masu gadi na tsaye a ƙofa suna mayar da ɗalibai, amma fitinar ba ta ƙare ba. Duk wanda ya zauna da ɗalibai mata ya saurare su ya san mai dogon hijabi ma ba ta tsira ba. Hasali ma ita ce a ke fi amincewa ba za ta faɗa ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi shafarmu a nan Arewa, watau rufin asiri. Rufin asiri hali ne mai kyau, da shi aka san mu, kuma ba mu zo rushe shi ba. Amma mu tambayi kanmu, asirin wa a ke rufewa? In abu ya faru, sai a aiko dattawa, a ce mutumin yana da iyali, a ce kada a ɓata sunan makaranta, a ce wa yarinya ta yi haƙuri ta bar wa Allah, in ta tsananta a tuna mata cewa ita mace ce, gobe za a zo neman aurenta a yi bincike. Ta yi shiru. Shi kuwa ya koma aji ranar Litinin, ga sababbin ɗalibai sun shigo. Ashe ba asirinta aka rufa ba, bakinta aka rufe. A watan Fabrairu na 2019, sa'ad da 'yan matan Arewa suka soma ba da labarin abin da ya same su a dandalin Twitter ƙarƙashin taken ArewaMeToo, ba a daɗe ba 'yan sanda suka kama ɗaya daga cikin masu tallafa musu, marubuciya Maryam Awaisu, a Kaduna. An sake ta, amma saƙon ya isa ga duk wadda ke tunanin buɗe baki.

Kada a ɗauka hasarar ta tsaya a kan wadda abin ya sama. Mu tuna da wahalar da aka sha kafin 'yar'uwarmu ta zauna a kan wannan benci. Neman ilimin mata ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman zamaninsa da ke koyar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rasu a 1864, ta shirya jajis suna zagaya ƙauyuka suna karantar da 'Yan Taru. Amma da boko ya zo, maza aka fara buɗe wa ƙofa. An buɗe Kwalejin Katsina a 1922, 'yan makarantun mata na farko a Katsina da Kano kuwa sai wajen 1930, su ma ɗinki da kula da gida suka fi yawa a cikinsu. Matan Arewa ba su sami 'yancin jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da duka a kan wannan. An kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, amma ba a sami mace ta shugabanci wata jami'a a Nijeriya ba sai 1985, da aka naɗa Farfesa Grace Alele-Williams a Benin. A Zariya ne kuma, a Jami'ar Ahmadu Bello, aka yi taron 1982 wanda ya haifi ƙungiyar matan Nijeriya da a ke kira WIN. Duk wannan jiya-jiya ne.

Har gobe akwai uba a ƙauyenmu da 'yarsa ta ci jarrabawa, yana zaune yana auna ko ya bar ta ta tafi. 'Yan'uwansa suna gaya masa jami'a lalata yara ta ke yi. Ƙaninsa malamin firamare, shi kaɗai, yana roƙonsa ya yarda. Kowane labari irin wannan da ya isa kunnen uban nan, ya ba masu hanawa hujja, ya kashe bakin mai roƙo. Saboda haka malami guda marar amana ba ɗaliba guda ya cuta ba. Ya rufe ƙofa a kan yara goma da bai taɓa gani ba. Mu ne kuma za mu dawo muna kukan matanmu ba su da likita mace a asibiti, 'ya'yanmu ba su da malama a aji. Wasu na cewa to ai maganin sai a daina yaɗa labarin. A'a. Uban nan ya riga ya ji, kuma abin da ya ji ya fi gaskiyar muni. Abin da bai taɓa ji ba shi ne an kama wani an hukunta shi, yarinyar kuma ta gama karatunta da mutuncinta.

Game da doka ba za mu daɗe ba. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsinsa. Akwai dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, wadda aka yi wa Abuja, jihohi kuma kowace sai ta zartar da tata. Akwai kuma ƙudurin da Sanata Ovie Omo-Agege ya kawo musamman domin manyan makarantu, wanda Majalisar Dattawa ta zartar a 2016, ta sake zartarwa a 2020 da tanadin ɗaurin da zai iya kai shekara 14, amma wa'adin waccan gwamnati ya ƙare a 2023 ba a sa masa hannu ba. A Nuwamba na 2025 majalisar ta sake zartar da irinsa. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta soki ƙudurin, tana cewa ya ware malamai kaɗai kuma ya taɓa 'yancin jami'a. Muna girmama wannan ƙungiya, mun san gwagwarmayar da ta yi wa ilimi, amma a nan ba mu tare da ita. 'Yancin jami'a an ba da shi ne don malami ya faɗi gaskiya ba tsoron gwamnati, kuma wanda ke son a bar shi ya share gidansa da kansa, to a ga tsintsiya a hannunsa. Abu guda a ƙudurin ya cancanci a riƙe shi ko da doka ko babu: tsakanin malami da ɗalibar da ke ƙarƙashinsa, cewa ai ta yarda ba hujja ba ce. Wanda makinki ke hannunsa, amincewarki gare shi ba ta da tabbas, ko da shi kansa ya ɗauka da gaske ce.

Mu kuwa ba sai mun jira Abuja ba. A Amurka, a 1977, wasu ɗaliban Jami'ar Yale sun kai jami'arsu ƙara a ƙarƙashin dokar 1972 da ta hana bambancin jinsi a makarantu, kuma babban abin da suka nema shi ne a kafa hanyar karɓar koke. Sun faɗi a kotu a 1980, amma jami'ar ta kafa hanyar, wasu jami'o'i masu yawa suka bi sahu. Irin wannan ƙofa mu ke nema, kuma kada ta kasance ofishin shugaban sashe, domin shi abokin aikin wanda a ke ƙara ne, wataƙila tare suka yi karatu, wataƙila ma shi ne. A sami kwamiti tsayayye mai mata a ciki, da wakilin ɗalibai, da wani mutum mai mutunci daga wajen jami'a, a kuma ƙayyade masa kwanakin da zai gama bincike, gama kwamitin da ba shi da wa'adi kabari ne. Daga ranar da ɗaliba ta kai koke a cire takardunta daga hannun wanda ta kai ƙara, a ba wani ya gyara, kafin ma a san mai gaskiya. Wannan ba hukunci ba ne a kan kowa. In kuwa an sami mutum da laifi, kada a ce ya ajiye aiki cikin sutura ya tafi da takardar yabo, ya ɓulla a wata jami'ar bayan wata shida.

Amma rigakafi ya fi magani, rigakafin nan kuwa aikin takarda ne kawai, ba ya bukatar kasafin kuɗi. A mayar wa ɗalibai takardun gwajinsu, a kafe makin a allo kafin jarrabawar ƙarshe. Darasi na wajibi malamai biyu su riƙe shi. Takardun jarrabawa a gyara su a cikin makaranta, a ajiye su a sashe, kada su kwana a gidan kowa. Duk ɗalibin da bai gamsu ba ya iya neman a sake duba takardarsa a wani hannu, ba tare da kuɗi mai nauyi ba, ba kuma tare da an sa masa ido ba. Neman sauya mai duba kundi ya zama haƙƙi, sau ɗaya, ba sai an faɗi dalili ba. Ganawa da ɗalibai ta kasance a ofis, da rana, ƙofa a buɗe. Malamin kirki shi ne zai fi kowa cin ribar wannan, domin shi ne amsar masu tsoron ƙazafi. Ƙazafi yana faruwa, kuma zalunci ne babba, wadda aka tabbatar ta shirya shi da gangan a hukunta ta. Sai dai rashin hujja daban, ƙarya daban. In aka ce duk wadda ta kasa kawo shaida za a kore ta, to an kulle ƙofar tun ba a buɗe ba. Malamin da takardunsa ke buɗe, wani ya duba bayansa, ɗalibar da ta faɗi ba ta da abin da za ta jingina masa.

Shugaba, da mun tsaya a nan da 'yan'uwanmu maza sun tafa sun tafi suna jin daɗi an caccaki malamai. To, saura mu. Wane ne ke zama a bakin hanyar ɗakin karatu yana ba ɗalibai mata maki da baki? Wane ne ke ihu in mace ta miƙe za ta yi tambaya a aji, har ta koma ta zauna ta haɗiye tambayar? Su wane ne ke yi wa sababbin ɗalibai rubdugu a makon rajista da sunan taimako? Ɗan ajin da ke kai wa malami lambar wayar ɗaliba ɗan'uwanmu ne. Wanda ke yaɗa hoton yarinya don ta ƙi shi, a ɗakinmu ya ke kwana. In mace ta zo ta ɗaya a aji, kafin a yi mata barka an riga an tambaya wa ta sani. Wannan tambaya ita ce cutar da masu sayar da maki suka yi wa kowace ɗaliba mai ƙwazo, mu kuma mu ke taya su yaɗawa. Malamin da mu ke zagi a yau, shekara ashirin da suka wuce a kan wannan benci ya ke, kuma a nan ya koyi cewa ba kome.

Ita kanta ƙungiyarmu ta dubi kanta. Al'adar ƙungiyoyin ɗalibai a ƙasar nan ita ce a ware wa mace kujerar mataimakiya ko ta walwala, ranar taro a sa ta kula da abinci da tarbar baƙi, in ta nemi shugabanci a ce ta cika rawar kai. Ƙungiyar da ba ta amince mace ta riƙe mata baitulmali ba, da wane ido za ta je gaban hukumar jami'a tana neman a saurari mata? Ana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma ba za mu fake da wannan mu bar musu kayan su kaɗai ba. Muna ba da shawara majalisar ɗalibai, a zamanta na gaba, ta rubuta waɗannan bukatu na maki da na kwamiti ta miƙa wa hukuma da sa hannun kowane sashe, ta kuma naɗa mutum biyu, mace da namiji, waɗanda aikinsu shi ne raka duk mai koke zuwa ofis, don kada wata ta sake shiga ita kaɗai.

Ku kuma yayyenmu ma'aikata, wasunku yanzu fayil na bi ta teburinku: na 'yar bautar ƙasa mai neman a karɓe ta, na mai neman aiki, na malamar asibiti mai neman canjin wuri, na gwauruwar da ke bin haƙƙin mijinta. Wannan fayil maki ne da wani suna. Kun san ofishin da a ke ce wa mace ta dawo bayan an tashi, kun kuma san wanda ke faɗa.

Lokacin da aka ba mu ya cika. Mun lura tun da aka soma 'yan'uwanmu mata suna can kujerun baya, kamar yadda aka saba. Muna roƙon Shugaba, in an buɗe filin tambayoyi, a fara miƙa abin magana can.